Ciwon da ke cinye saiwar haƙori ba tare da zogi ba

Duk wanda ya taɓa ɗora haƙorin yaron da ya yi famfara a tafin hannunsa ya ga wani abu da ba a cika tambaya a kansa ba: haƙorin ba shi da saiwa. Ɗan kai ne kawai, gindinsa a rarake. Alhali da saiwarsa ya tsiro, kafe daram cikin ƙashin muƙamuƙi. Jikin yaron ne ya cinye ta sannu a hankali don ya buɗe wa haƙorin girma hanya. Haka ake yi wa haƙoran ƙuruciya guda 20 ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 6 zuwa 12, kuma wannan lafiya ce.

Abin yana zama ciwo ne idan jiki ya juya wannan aiki kan haƙorin girma, wanda babu wani a bayansa da zai gaje shi. Likitocin haƙori na kiran sa cinyewar saiwa. Ba shi ne kogon haƙori da muka saba da shi ba, wanda zaƙi da ƙwayoyin cutar baki ke haddasawa. A nan ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansu ke rarake saiwar, wani lokaci daga waje, wani lokaci daga ciki. Kuma galibi ba ya zogi. Mutum na cin tuwonsa, yana tauna goronsa, yana goga asuwaki safe da yamma, saiwa kuwa tana ƙarewa a ƙarƙashin dasashi, kamar azarar da gara ta shiga: ka dube ta lafiya lau, ranar da ta karye ka tarar cikinta gari.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙashin ɗan Adam kullum cikin rushewa da sake ginuwa yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu cin tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo. Masu cin nan suna zaune dab da saiwar haƙori, tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba, amma ba sa taɓa ta. Dalili shi ne saiwar na lulluɓe da wani siririn rufi mai taushi wanda ba su iya maƙalewa a kansa, sannan ga tantanin zaruruwa da ya ɗaure saiwar da ƙashi, cike da rayayyun ƙwayoyi masu gyara duk inda ya sami rauni. Ta ciki ma, inda ɓargon haƙori yake, wanda jama'a ke ce wa jijiya, akwai irin wannan rufi.

Kafin cinyewa ta kama sai abu biyu sun haɗu. Sai rufin ya kware, sannan sai an sami abin da zai riƙa zuga masu cin ƙashin su ci gaba, ko dai ƙwayoyin cuta, ko kuma dannawar da ba ta ɗagawa. Idan rufin ya ɗan kware ne kawai ba tare da mai zugawa ba, cin zai tsaya da kansa cikin mako biyu zuwa uku, jiki ya like wurin, mai haƙorin bai ma san an yi ba. Duk aikin likita a kan wannan ciwo yana komawa ga gano abin da ke zugawa, da ko ana iya kawar da shi.

A gari irin Maraɗi, hanyar da ta fi cancantar a damu da ita ita ce buguwa. Kabu-kabu ya zame a rairayi, yaro ya faɗo daga amalanke, an yi karo a wajen ƙwallo ko langa, ɗan kokawa ya sha ƙasa da baki. Haƙoran gaba na sama su ne ke fara shan wuya. Mafi muni a cikin raunukan nan guda biyu ne: haƙori ya fita ɗungurungum da saiwarsa, ko ya nutse cikin ƙashi. A duka biyun tantanin saiwar ya yage, jijiyoyin jinin da ke shiga ta bakin saiwa kuma sun tsinke.

Mu ɗauki abin da ke faruwa idan haƙori ya fita. Yaro ɗan shekara 12 ya faɗi a makaranta da hantsi. An wanke masa baki, wani ya tsinci haƙorin, ya goge shi tas da bakin riga don ya ga ƙasa a jikinsa, ya naɗe a takarda. Sai an tashi, sai mahaifi ya dawo daga kasuwa, sai bayan la'asar aka isa gaban likita. Uban ya warware takardar da murna, ya ce, “Likita, ga shi nan, ko tsagewa bai yi ba.” Gaskiya ne bai tsage ba. Amma abin da ake buƙata a jikinsa, wato rayayyun ƙwayoyin da ke manne da saiwar, rabi an goge su da riga, sauran sun bushe a takarda. Haƙorin da ya yi fiye da minti 60 a bushe, ana ɗaukar cewa ƙwayoyin nan sun mutu.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a 1966 likitan nan ɗan ƙasar Danmak, Jens Andreasen, da abokin aikinsa suka bi diddigin haƙora 110 da aka mayar bayan sun fita. Waɗanda aka mayar cikin minti 30, kashi 90 cikin 100 saiwarsu ba ta cinye ba. Waɗanda suka wuce awa biyu a waje kuwa, mafi yawansu sun cinye. Idan aka auna wannan da nisan Dakoro ko Mayahi zuwa ɗakin likitan haƙori a Maraɗi, za a ga cewa wanda zai ceci haƙorin ba likitan ba ne. Malamin aji ne, ko uwa, ko majon asibitin ƙauye, duk dai wanda ke tsaye a wurin. A ganina wannan darasi ya kamata ya shiga makarantun horar da malamai kafin ma a yi maganar sayen manyan na'urori.

Abin yi kuwa ba shi da wuya. A kama haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar. Idan da datti a ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙara wa majinyaci, ba tare da gogewa ba. A mayar da shi raminsa nan take, a sa yaron ya ciji tsabtataccen ƙyalle, a kama hanya. Idan an kasa mayarwa, a tsoma shi cikin madara, ko yaron ya tofa yawu a ɗan kofi a saka shi ciki. Madara na ce, ba nonon fura ko kindirmo ba, domin tsaminsu na kashe ƙwayoyin. Ruwa zalla ba shi da kyau gare su, amma ya fi a bar haƙorin a bushe. Abu ɗaya da za a kiyaye: ba a mayar da haƙorin ƙuruciya, don kada a raunata na girma da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Bayan an mayar, likita zai ɗaure haƙorin da na kusa da shi da siririyar waya mai ɗan lanƙwasa na tsawon mako biyu, ya duba maganar allurar tetanus. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne zuciyar wannan bayani.

Hanya ta farko ita ce cinyewa mai kumburi. Ɓargon da jininsa ya tsinke ya mutu, ƙwayoyin cuta suka shiga suka zauna a ramin saiwa. Jikin saiwa cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, dafin ƙwayoyin cutar sai ya riƙa tsatsafowa ta cikinsu zuwa waje, daidai inda rufi ya kware. Mai zugawa ya samu ke nan. A bakin yaro, da yake kafofin sun fi faɗi kuma bangon saiwar siriri ne, cin na iya gamawa da saiwa cikin ƴan watanni. A hoton rediyo, wato hoton asibiti mai nuna ƙashi da saiwa, ana ganin baƙin rami kamar an ɗebe da cokali a gefen saiwar, ƙashin da ke kusa da shi ma ya ciwu.

Duk da saurinsa, wannan nau'in shi ne ya fi jin magani, domin an san mai zugawar kuma ana iya kai masa. Likita zai huda haƙorin, ya cire mataccen ɓargon, ya wanke ramin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya cusa wani farin ƙulli mai suna kalsiyam haidiroksaid, wanda ƙarfinsa ke kashe ƙwayoyin cuta har cikin kafofin. Sai an ga cin ya tsaya sannan a cike ramin saiwar dindindin. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya, wadda aka sabunta a 2020, ta ce haƙorin da aka mayar, idan bakin saiwarsa ya riga ya rufe, a fara cire jijiyarsa cikin mako biyu, ba tare da jiran ciwo ko kumburi ba. A nan ne iyaye ke tirjewa. “Ai ya kafu, likita, kuma ba ya yi masa ciwo, me za a huda?” Amsar ita ce ranar da ya fara ciwo, wataƙila babu sauran saiwar da za a ceta. Ga ƙaramin yaro ɗan shekara 7 zuwa 9 kuwa, wanda bakin saiwarsa ke buɗe, akan jinkirta hudawar saboda jini na iya sake shiga ɓargon ya farfaɗo, amma da sharaɗin a riƙa kawo shi dubawa a kai a kai.

Hanya ta biyu ta fi shiru, kuma ta fi taurin kai. Idan tantanin saiwar ya mutu a wuri mai faɗi, ƙashi yakan zo ya manne kai tsaye da saiwar. Daga nan jiki ya daina bambance haƙori da ƙashi. Yadda yake rushe tsohon ƙashi ya gina sabo, haka zai riƙa rushe saiwar yana maye gurbinta da ƙashi, har ta ƙare. Ana gane shi ta hanya mai sauƙi. Likita ya ɗauki gindin madubinsa ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen haƙori yana ba da sauti a dakushe, saboda tantanin da ke riƙe da shi yana shanye bugun. Wanda ya manne kuwa sai ka ji ƙwal, da ƙara mai kaifi, kuma ɗan motsin nan da kowane haƙori ke da shi babu. Sau da yawa kunne na riga hoto gane shi.

Wannan nau'in ba a da maganin da ke tsayar da shi, kuma cire jijiya ba ya hana shi tafiya. Ga babba, haƙorin na iya yin shekaru yana aiki, sai a bar shi ana dubawa. Ga yaro mai tasowa ne yake da illa: muƙamuƙi na girma, sauran haƙora na saukowa, shi kuwa yana nan inda ya manne, har ya zama gajere a cikin jeri, ƙashin wurin ma ya ƙi tasowa. Dabarar da likitar nan ƴar Suwidin, Barbro Malmgren, da abokan aikinta suka bayyana a 1984 ita ce a yanke kan haƙorin a bar saiwar a binne ƙarƙashin dasashi, ta koma ƙashi a hankali, a sa wa yaron haƙorin roba na wucin gadi. Ta haka ƙashin wurin ba ya zubewa, idan girma ya kammala sai a sami inda za a dasa na dindindin. To me ya sa ake mayar da haƙorin da ya bushe, tunda an san ƙarshensa? Saboda shekarun da zai yi yana riƙe wuri da ƙashi sun fi giɓi a bakin yaro.

Akwai kuma cinyewar da ke farawa daga ciki. Ita ba ta da yawa. Tana faruwa idan saman ɓargon ya kamu da cuta amma ƙasansa na raye yana samun jini, sai rayayyen ɓangaren ya juya yana cin bangon da ke kewaye da shi. A hoto ramin saiwa da ya kamata ya tafi siriri sai a ga ya kumbura a wuri ɗaya. Maganinta a fili yake: da zarar an cire ɓargon, masu cin sun rasa jini, aiki ya tsaya. Wahalar tana wajen wanke lungunan da kayan aiki ba sa kaiwa, da cike su da roba mai ɗumi. Idan cin ya huda bango ya fita, ana like hujin da wani siminti na musamman da jiki ke karɓa, irin MTA da aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1990, ko Biodentine na Faransa.

Wadda ta fi rikita likitoci ita ce mai farawa a wuyan haƙori, dab da bakin dasashi. Tana shiga ta ɗan ƙaramin huji daga waje, ta bazu a jikin haƙorin, ta kewaye ɓargon ba tare da ta fasa shi ba sai can daga baya. Don haka haƙorin na jin sanyi kamar kowane lafiyayye. Wani lokaci alamar farko ita ce wani ɗan ja-ja da ke haskowa ta cikin farin haƙorin kusa da dasashi, wato naman da ya cika ramin ne ake hangowa. Wani likitan Ingila, Mummery, ya bayyana wannan launi tun 1920. Ja-jan nan daban yake da jan goro, wanda ke saman haƙori kuma yana kankaruwa, daban yake kuma da dabbare-dabbaren da ruwa mai yawan sinadarin fuloraid ke bari, irin wanda mutanen Tibiri ta kusa da Maraɗi suka sani, domin shi haƙora da yawa yake kamawa lokaci guda. Ana alaƙanta wannan nau'i da tsohuwar buguwa, da sa wayar daidaita haƙora, da zuba maganin faranta haƙori a cikin wanda aka cire wa jijiya, wani lokaci kuma a rasa dalili.

Kuskuren da ake yi da ita shi ne a ɗauke ta kogo, a kankare sama-sama a cike. Kogo laushi gare shi. Wannan kuwa gindinsa da tauri, kuma da an taɓa sai jini. Idan aka bar ko ɗan kaɗan na naman da ke cin, zai ci gaba a ƙarƙashin cikon. Geoffrey Heithersay na Ostareliya ya kasa ta mataki huɗu a 1999, gwargwadon zurfin da ta yi cikin saiwa. A aikinsa, inda yake ƙone naman da wani ruwan asid kafin ya kankare ya cike, mataki na ɗaya da na biyu duk sun warke, na huɗu kuwa ɗaya cikin takwas ne kawai. Saboda haka idan ta yi nisa, likitan kirki zai gaya maka gaskiya: ko a bar haƙorin ana dubawa har ya gaji, ko a cire.

Ta yaya ake bambance na ciki da na waje, tunda a hoto duka baƙin tabo ne a kan saiwa? Hoton rediyo shafi ɗaya yake nunawa, gaba da baya sun hau kan juna. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a ɗauki hoto biyu, na biyun a ɗan karkata na'urar gefe. Idan tabon na ciki ne, yana nan a tsakiyar ramin saiwa duk inda aka karkata. Idan na waje ne sai ya gusa, kuma za a iya bin layin ramin saiwar yana ratsa ta cikin tabon bai ɓace ba. Akwai sikana ta haƙori, CBCT, mai nuna saiwa ta kowace fuska har a auna kaurin bangon da ya saura. Ta fi hoto biyun nan nesa ba kusa ba, sai dai ba kowane ɗakin haƙori ke da ita ba, ga tsada, ga hasken da take ratsa jiki da shi ya fi na ƙaramin hoto yawa. Ra'ayina shi ne kada a ɗora wa mutum tafiyar Yamai, fiye da kilomita 600, ko tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Kano, sai idan sakamakon zai canza abin da za a yi, kamar a yanke shawara tsakanin tiyata da cirewa. Kafin nan, tambayar “ka taɓa buguwa a bakin nan, ko da kana yaro?” da gwajin sanyi da ƙwanƙwasawa da hoto biyu suna warware da yawa.

Saura cinyewar da dannawa ke jawowa. Wayar daidaita haƙora na gajarta bakin saiwa kaɗan ga mafi yawan masu sa ta, musamman haƙoran gaba na sama, amma ƙalilan ne abin ke tsananta gare su. Shi ya sa ake ɗaukar hoto bayan wata 6 zuwa 12 da farawa, idan an ga saiwa na raguwa a dakata wata biyu ko uku. Da an sauke dannawar cin ya tsaya, kuma cire jijiya a nan ɓarna ce kawai, domin ɓargon lafiyarsa ƙalau. Fiƙar sama da ta maƙale cikin ƙashi na iya cinye saiwar maƙwabcinta, don haka yaron da ya kai shekara 10 zuwa 11 ba a ji tudun fiƙarsa a saman dasashi ba, ya kamata a yi masa hoto. Turmin ƙarshe da ya kwanta a karkace yakan yi wa na gabansa haka. Sai kuma ƙari a cikin muƙamuƙi: idan haƙora biyu ko uku a jere suka fara girgiɗi ba dalili, ga kumburin da ba ya ciwo yana ƙaruwa a hankali, wannan ba na ɗan magori ba ne, ba kuma na mai cire haƙori a kasuwa ba. Asibiti za a nufa a ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya.

Ga wanda haƙorinsa ya fita aka mayar, ranakun komawa su ne bayan mako 2, mako 4, wata 3, wata 6, shekara ɗaya, daga nan sau ɗaya a shekara har aƙalla shekara 5. A kowace komawa likita zai ƙwanƙwasa, ya gwada motsi, ya ɗauki hoto ya kwatanta da na baya. Kwatantawar ce ke nuna ko tabo na tsaye ko yana faɗaɗa, saboda haka a adana tsofaffin hotunan a cikin karnen asibiti, wato ɗan littafin majinyaci, a riƙa zuwa da su ko da an canza likita.